YAWON ARBA'IN DA TATSATTSEN NONO: DARASIN DA NA KOYA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Abin da ya faru da ni ne, ni da kaina, wanda har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

A gidanmu da ke Zango na yi wankan jegon haihuwata ta fari. Da muka yi arba'in, cikin watan Afrilu, aka sa ranar da za mu shiga Daura yawon arba'in, a kai yaron ya gaida dangin ubansa. To kun dai san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ni da ko sunansa ba na faɗa, ina ni ina ba shi mama a gaban surukai? Sai dabara ta faɗo mini. Tun da asuba na tatsi nono na cika fida, na rufe, na cusa cikin jakar kayansa. Har ina yaba wa kaina wayo.

Muka fita da hantsi, ni da Gwaggona da ƙanwata mai goyo. Gida-gida muke shiga, jaka kuwa tana bayan mota, rana na dukanta. Duk sa'ad da ya yi kuka sai ƙanwata ta ɗan ba shi ta mayar. Ragowar ƙarshe sai bayan la'asar ya sha. Kafin asubar washegari yaro ya fara gudawa da amai, idanu suka zurma, maɗiga ta faɗa. A guje muka koma Daura, asibiti, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Kwananmu uku.

Wata dattijuwar nas ce ta zaunar da ni. Da ta gama jin bayanina sai ta girgiza kai ta ce, "'Yata, nono a jikinki ba ya lalacewa ko da kwana ya yi. Amma daga sa'ad da ya fito, agogo ya fara ƙirga masa lokaci." Wallahi kuka na saka mata. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Ga abin da na koya daga bakinta, da wanda na bincika daga baya.

Da fari dai lokaci. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce, nonon da aka tatsa yana iya kai awa 4 a ɗaki, in zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba. To mu nan ƙasar Daura, tsakanin Maris da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, balle kuma cikin mota. Ke nan awa huɗun nan ba tamu ba ce a bazara. In babu sanyi, a ba yaro nan da nan. A firji yana kai kwana 4, a can ciki, ba a jikin murfi ba. A firiza kuwa wata 6. Amma fa wannan lissafin na gidan da wuta ba ta yankewa ne. In aka ɗauke wuta har nonon ya narke, kada a mayar da shi ya sake daskarewa. Wanda ya narke cikin firji a shanye shi cikin awa 24.

Na biyu, tsabta. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki tatsa. Mazubin ya zama ƙaramar kwalba ko kofi mai murfi wanda aka wanke aka tafasa. Kada ki cika mazubi ɗaya kamar yadda na yi. Ki rarraba kaɗan-kaɗan, kowane daidai shan sau ɗaya, ki rubuta lokacin tatsa a jikinsa. Dalili kuwa, da bakin yaro ya taɓa nono, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, ragowar ba ta wuce awa 2, sai a zubar. Nan ne babban kuskurena.

Na uku, tafiya. Ba sai kin sayi wani abu mai tsada ba. Ƙaramar kular nan ta zuba abinci ta isa. Ki sayi ƙanƙara, ko ki daskarar da fiyawata uku ko huɗu, ki jera su kewaye da mazuban, ki rufe gam. Kada ruwan ƙanƙara ya sami hanyar shiga nonon. Muddin ƙanƙarar na nan ba ta narke ba, nono yana iya kai awa 24 a haka. Kular ta zauna kusa da ƙafarki a inuwa, ban da but ɗin mota, kuma ban da yawan buɗe ta.

In za a ba yaro, a tsoma mazubin cikin ruwa mai ɗumi, ba a ɗora nono a wuta. Tafasa shi yana kashe sinadaran da ke kare jariri daga cuta. In kika ga maiƙo ya taso sama kamar na kindirmo, ba lalacewa ya yi ba, ki ɗan juya shi a hankali. In kuwa ya yi tsami, a zubar. A ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminsa. Sa'annan ƙaramin kofi ya fi fida, don bakin fida wuyar wankuwa gare shi, datti yana maƙalewa a ciki.

Da muka dawo gida Gwaggo ta ce, "Ai da ruwa kuka ba shi ya jiƙa maƙoshi da duk haka ba ta faru ba." Na ce, "Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, nas ta ce kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne." Shi ya sa tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, sa'annan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai kuwa ta Hajiya ce, mahaifiyar maigidana. Da ta zo duba mu a asibiti sai ta kama hannuna ta ce, "Ke yarinyar nan, wace irin kunya ce za ta raba ni da mai gidana? Ɗakina na ƙurya ba ga shi nan ba? Ki ja mayafi ki ba shi abinsa." Na sunkuyar da kai na kasa cewa komai.

Don haka 'yan uwana, tatsa tana da ranarta: ranar jarrabawa, ranar aiki, ranar da lalura za ta raba ki da jaririnki. Amma in kuna tare, babu kular da ta kai ƙirjinki. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a sayenta da ran yaro. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya raya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.