Kafin Karan Shinkafa Ya Zama Gas

Duk kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, manoman jihar Punjab ta Indiya kan cinna wa karan shinkafa wuta don su samu shuka alkama da wuri, hayaƙin kuma ya turnuƙe birnin Delhi. A watan Oktoban 2022 kamfanin Verbio na Jamus ya buɗe masana'anta a Lehragaga da aka tsara ta cinye kara kimanin tan 100,000 a shekara, ta fitar da tan 33 na gas kullum.

Sai dai kara taurin kai gare shi. Kashin shanu, da an zuba shi a tankin da iska ba ta shiga, bakteriya ke far masa, su fitar da gas mai metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Kara kuwa, abincin da ke cikinsa, wato selulos, naɗe yake da liginin, sinadarin da ke sa itace tauri, wanda waɗannan bakteriya ba sa iya fasawa. In an zuba shi haka nan, sai ya taso sama ya yi ɓawo, ya toshe bututu, gas kuma ɗan tsiyaye.

Saniya ta riga kowa gane dabarar: tana tuƙa, ta lallasa ciyawa don bakteriyar tumbinta su ji sauƙin cin ta. Shi ya sa matakin farko shi ne daddatsawa da niƙa. Daga nan a jiƙa karan da ruwan farar ƙasa, ko sodar sabulu, ko takin yuriya, a rufe na kwanaki har liginin ya saki, karan ya yi laushi ya sauya launi. Manyan masana'antu kan dafa shi da tururi mai matsi, su saki matsin farat ɗaya, zarurrukan su tarwatse. Akwai kuma funfuna mai cin liginin, amma tana ɗaukar makonni.

Wuce gona da iri na da illa. Zafi mai yawa kan haifar da furfural, mai hana bakteriya aiki, soda in ta yi yawa gishirinta ya gurgunta su. Injin niƙa ma lantarki yake sha, kuma aikin banza ne a kashe makamashin da ya zarce ƙarin gas ɗin. Don haka ga ƙaramin tanki na gida, farar ƙasa ta fi dacewa: tana da arha, ba ta lalata takin da ke ragewa a tankin bayan gas ya fita. Sai a cuɗa karan da kashin shanu, domin karan shi kaɗai naitirojin ɗinsa bai ishi bakteriya ba.