Tsohon agogo: kada a sayar da shi kuɗin goro

A gidaje da dama na Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, akwai tsohon agogon gado kwance cikin adaka, irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai pil a 1969, kasuwar irin wannan agogo ta fara mutuwa. Amma yau akwai masu tara shi a Turai da Amurka, kuma suna biya da tsoka. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Galibin agogunan da alhazanmu suka sawo a Makka ko Kano na Japan ne ko Suwizalan. Na Amurka ba su da yawa a nan. Sunayen da za a duba su ne Waltham, Elgin, Hamilton da Bulova. An kafa Elgin a 1864, ya rufe a 1968. Hamilton, wanda aka kafa a 1892, ya daina ƙera agogo a Amurka a 1969. Ke nan abin da ya rage a hannun mutane, shi ke nan, ba ƙari.

Yaya ake gane na kirki? A kai wa mai gyaran agogo amintacce ya buɗe bayansa a gabanku. A jikin injin akwai sunan kamfani da lamba. Lambar Elgin, Waltham ko Hamilton tana nuna shekarar da aka ƙera shi. Idan an rubuta 14K kaɗai a murfin, zinariya ce. Idan an ƙara da GF, an dai lulluɓe shi da zinariya ne.

Uwargida, kada ki goge fuskarsa da sabulu, kada a sake masa fenti: masu saye sun fi son shi da tsufansa. Kada kuma a yi gaggawar kai wa maƙeri ya narke. Wasu tsofaffin agogunan an shafa wa lambobinsu radiyom don su yi haske da dare. Ƙurarsa tana cutarwa, a hana yara ɓalle gilashin.

Idan dillali ya taya, a ji bakin mutum biyu ko uku kafin a sallama. In kayan gado ne, sai magada sun yarda.