"Oda ce daga sama": wa ke ɗaukar alhakin aikin jami'an farin kaya?

A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar sarautar Gwandu da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar ya ci gaba da zama a karaga. Daga Gwandu har Kalgo an sha muhawara a majalisu da teburan masu shayi a kan wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi. Ni kuwa wata tambaya ce ta tsaya mini a rai. Ranar 3 ga Yunin 2005, da gwamnatin Adamu Aliero ta tuɓe Almustapha Haruna Jokolo, ai ba gwamna ne ya tuƙa motar da ta kai shi Lafiya, daga nan Obi a jihar Nasarawa ba. Jami'an tsaro ne, masu albashi daga aljihun talaka. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce korar sarkin daga ƙasarsa ta saɓa wa tsarin mulki.

Shekara bakwai bayan wannan hukunci, ranar 9 ga Maris 2020, aka ɗauki Muhammadu Sanusi II daga Kano zuwa Loko, sannan Awe, a Nasarawan dai. Sai da Babbar Kotun Tarayya ta umarci 'yan sanda da DSS su sake shi, daga baya ta ce korar haramtacciya ce, ta yanke diyyar naira miliyan 10. Tsakanin waɗannan kuma an ga wasu. Sambo Dasuki ya shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka ba shi. Ranar 7 ga Agustan 2018 jami'an DSS da fuskoki a rufe suka datse ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa. A Disambar 2019 sun yi kokawa a kotu wajen sake kama Omoyele Sowore. Ka tambayi na bakin ƙofa dalili, amsar ba ta canzawa: oda ce daga sama.

Wasu na cewa jahilci ne ko ƙarancin horo. Ban yarda ba. Da yawa daga masu shiga aikin nan sun yi karatu mai zurfi, sun san abin da hukuncin kotu yake nufi. Matsalar tana cikin ginin hukumar. Bayan kashe Murtala a 1976 aka kafa hukumar tsaro ta NSO, Babangida ya rusa ta da doka mai lamba 19 ta 1986, ya fitar da hukumomi uku daga cikinta: SSS (wadda ake kira DSS), NIA da DIA. Soja ne ya tsara dokar, don kare kujerar soja. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, maimakon a sake ta, sai sashe na 315 na tsarin mulki ya kulle ta ciki, yadda ba a iya gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Shugaban ƙasa ke naɗa shugaban hukumar, shi ke cire shi. To, ƙaramin jami'i ba wawa ba ne. Yana ganin inda ƙarin girma yake fitowa, yana ganin inda takardar canjin wurin aiki take fitowa, kuma babu ɗaya da ke fitowa daga hannun alƙali.

Waɗanda suka tashi da katun ɗin talabijin na shekarun 1980 da 1990 za su tuna Inspector Gadget. Shugabansa kan ɓuya a wani lungu ya miƙa masa takardar umarni, ya karanta ya jefar, takardar ta fashe a fuskar shugaban. Muna yara dariya muke yi. Yanzu da na girma, sai na ga ko a katun ɗin akwai takarda, kuma kan wanda ya rubuta ta take fashewa. A nan sau da yawa umarnin da baki ake bayarwa ko ta waya, babu sa hannu. In aiki ya yi kyau, na oga ne. In ya ɓaci, sai a ce wasu ne suka wuce gona da iri. Sallamar shugaban DSS Lawal Daura da Yemi Osinbajo ya yi a ranar da aka datse Majalisa ta zama abin labari ne saboda ba a saba ganin irinta ba.

Talauci ma na da hannu. Matashin da ya gama Jami'ar Tarayya da ke Kalgo ya yi ta yawo da takardu kafin ya samu aikin gwamnati, ga iyaye, ga ƙanne a wuyansa, da wuya ya kalli ogansa ya ce a'a. Ga kuma tarbiyyar gida: bin na gaba bin Allah. Sai dai mutanen Gwandu su ne na ƙarshe da ya kamata su ɗauki wannan magana rabi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wato Abdullahin Gwandu, ya taɓa barin rundunar jihadi da ya ga son duniya ya shiga tsakanin mabiya, ya nufi gabas, ya tsaya Kano inda ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan haƙƙin da ke wuyan masu mulki. Malamanmu kuma kullum suna karantar da cewa biyayya tana da iyaka, iyakarta saɓon Allah.

Akwai hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ta banza ba ce. Aikin asiri ba ya yiwuwa in kowa sai an gamsar da shi kafin ya motsa, kuma wanda ke filin daga ba ya ganin duk abin da ke cikin fayil. Mai bin sawun Lakurawa bayan harin Mera a Nuwambar 2024 ba shi da lokacin muhawara. Na yarda. Amma datse Majalisa ko tsare wanda kotu ta saka ba ya buƙatar fayil kafin a gane kuskure ne.

Illar kuwa a kan hukumar take komawa. Jarinta labari ne, labari kuma daga bakin mutane yake fitowa. Manomi a fadamar Kalgo da ya ga baƙin fuska a kan babura zai yi tunani biyu kafin ya kai rahoto ga mutanen da ya san sun ɗauke sarki sukutum ba tare da izinin kotu ba.

Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta riga ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne ga wanda ya azabtar da mutum. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan: duk umarnin kamu, tsarewa ko kai mutum wani gari ya kasance a rubuce da sunan mai bayarwa, kuma doka ta kare jami'in da ya ƙi taka hukuncin kotu daga kora ko rage girma. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gwandu da Kalgo a Abuja za su dawo neman ƙuri'a a 2027. Ku tambaye su matsayinsu a kan wannan gyara.