Me ke sa zoɓo ya juya, kuma yaya za a adana shi a gida?

Duk matar da ke haɗa zoɓo, ta sayarwa ce ko ta gida, ta san baƙin cikin buɗe gora da safe ta ji ta yi "fus", kumfa ta taso, ƙamshin citta da kanumfari ya koma wani warin tsami mai hawa kai. Jiya da yamma abin sha ne mai daɗi, yau sai zubarwa. Wasu kan ɗora laifin a kan sukari, wasu a kan abarba, wasu su ce hannun mai haɗawa ne. Gaskiyar lamarin ita ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda suke rige mu sha, kuma wanda ya san halinsu zai iya hana su.

Zoɓo furen yakuwa ne, ko kuma a ce ɓawon nan ja mai kauri da ke rufe da 'ya'yanta. Ana noma shi sosai a Jigawa da Kano da Katsina, har ana fitar da shi ƙasashen waje irin su Meziko. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Sanagal bisap, a Gana sobolo. Ko'ina aka je matsalar ɗaya ce: busasshensa yana shekara bai yi komai ba, amma da an tafasa shi an zuba sukari, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Farkon mai ɓarna shi ne yis, dangin wanda ake sa wa fanke da burodi su kumbura. Yana nan a iska, a fatar 'ya'yan itatuwa, a jikin mataci da ludayi da hannun mutum. Idan ya samu ruwa mai zaƙi da ɗumi, sai ya ci sukarin ya fitar da abu biyu: barasa da iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Iskar ce ke kumbura gora har ta yi tauri. Bayansa sai wasu ƙwayoyin bakteriya su karɓi aiki, su juya barasar ta zama khal, muddin suna samun iska. Daga ƙarshe funfuna ta yi shimfiɗa a sama. Yis ya fi walwala a tsakanin digiri 25 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, wato dai zafin ɗakunanmu a mafi yawan watannin shekara. Shi ya sa zoɓon da zai kai gobe a lokacin hunturu ba ya kwana lafiya a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40.

Wanda ya fito da wannan sirri fili shi ne masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur. A shekarar 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi ya binciki abin da ke lalata ruwan inabin Faransa, wanda a lokacin babbar hajar ƙasar ce amma yana tsami kafin ya isa kasuwannin ƙetare. Pasteur ya duba da madubin ƙara girma ya ga ƙananan halittu ne ke wannan aika-aika. Ya kuma nuna cewa idan aka ɗumama ruwan zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci, sannan aka rufe shi ruf, ɓarnar tana tsayawa. Ya yi wa dabarar rajista a 1865, kuma ita ce har yau ake amfani da ita wajen adana madara da lemon kwali a duniya. Su ma masu ajiyar jan ruwan inabi a Turai suna da nasu ƙa'idojin hana ɓarna: ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin kusan digiri 12 zuwa 14, babu hasken rana, babu kafar da iska za ta shiga kwalba. Zafi da iska da haske su ne abokan gaban duk wani jan abin sha da aka samo daga tsiro.

Ga Musulmi batun ya wuce asarar kuɗin sukari. Ya zo a Sahihu Muslim daga Abdullahi ɗan Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba ya ci gaba da ajiye shi. Wannan iyaka ta yi daidai da abin da kimiyya ta gano daga baya, cewa ruwa mai zaƙi da aka bari a wuri mai ɗumi yana kama hanyar zama giya da kansa, ba tare da kowa ya nufa ba. Don haka gorar da ta kumbura ta fara kumfa ba abin da za a ƙara wa sukari a miƙa wa yara ba ce.

Zoɓo yana da garkuwa ta halitta, ita ce tsaminsa. A ma'aunin tsami na pH yakan tsaya kusa da 3, alhali yawancin ƙwayoyin cuta masu haɗari ba sa iya yaɗuwa sosai a ƙasa da 4.6. A nan ne wata al'ada ta madafa take cutar da mu. Mata da yawa kan jefa 'yar kanwa ko bakin soda don a kashe tsamin a rage cin sukari. Tsamin yana raguwa kuwa, amma garkuwar ma ta tafi tare da shi. Launin da kansa yana ba da shaida, domin sinadarin antosayanin da ke ba zoɓo jansa yana yin ja wur a cikin tsami, idan kuma ya haɗu da kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi. Zoɓon da aka sa wa kanwa na shan yau ne, ba na ajiya ba.

To yaya za a yi? A wanke busasshen zoɓo da kyau don fitar da ƙasa, a tafasa shi tare da citta da kanumfari a tukunyar da ba ta tsatsa ko ta tangaran, domin ruwa mai tsami yana cin jikin tukunyar alminiyam da ta ƙarfe, ya ɓata ɗanɗano da launi. A tace da mataci mai tsabta. Babbar dabara ita ce kada a zuba sukari a duka. A ajiye ruwan da kaurinsa da tsaminsa, a riƙa ɗiban na sha ana sirkawa ana zaƙaƙawa. Abarba da kokwamba da kankana ma a bari sai lokacin sha, domin ɗanyen ɗan itace yana shigo da nasa yis ɗin bayan wuta ta riga ta kashe na farko.

Mazubi ma yana da nasa hukunci. Kwalbar gilashi da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa ta fi komai. A cika ta har wuya don kada iska ta samu wurin zama, a rufe da murfi mai kamawa. Kada a zuba ruwa mai zafi a gorar roba marar kauri, domin zafi yana lanƙwasa ta. Gorunan da ake tsintowa a wuraren biki da tashoshin mota kuwa, ɗauraya ɗaya ba ta isar musu, kuma mai sayarwa da ke amfani da su amanar lafiyar mutane ce a wuyanta. Haka ruwan sirki da ƙanƙara: idan ba su da tsabta, tafasar farko ta tashi a banza.

Sai sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da awa 2, kuma a ajiye shi ƙasa da digiri 5. Da zoɓo ya huce a kai shi firji, a shanye cikin kwana uku ko huɗu. Wanda ake so ya daɗe a daskarar da shi a firiza, a bar ɗan fili a gorar saboda ruwa yana ƙara girma idan ya zama ƙanƙara. Idan aka ɗauke wuta har ya narke ya yi ɗumi, kada a mayar da shi a sake daskararwa. Inda babu lantarki, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana rage zafi sosai. Sai dai sanyinta bai kai na firji ba, tana ƙara sa'o'i ne kawai.

Busasshen zoɓon kuma a sa shi a buhu ko mazubi mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da danshi da rana, musamman da damina.

Mafi sauƙin kariya ita ce a haɗa daidai wanda za a sha, musamman da azumi lokacin da ake cika bokiti don buɗa-baki. Kafin a zuba wa kowa a duba gorar a kuma sansana. Idan ta kumbura, ko kumfa na tasowa ba a girgiza ba, ko ruwan ya yi yauƙi, ko wari ya sauya, a zubar. Kuɗin mudun zoɓo da na sukari ba su kai kuɗin maganin yaron da ya kwana yana gudawa ba.