Haki Da Kasala Bayan Ciwon Korona

Maganarmu ta yau a kan samari ce da 'yan mata, waɗanda ciwon korona ya taɓa su sama-sama, suka tashi, amma ƙarfinsu bai komo daidai ba.

Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu na 2020 ba. Ran 11 ga watan aka tabbatar da mutum na farko mai ciwon a jihar, kafin mako ya zagayo aka hana fita. Titin nan da ya bi gindin ganuwa daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa, wanda kullum ba ya rabo da motoci, ya yi tsit. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi abin da bincike ya nuna. Mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, rabinsu ko fiye ana zaton da hannun korona, yawancinsu kuwa sun haura shekara 65. Daga nan mutane suka ɗauka ciwon tsofaffi ne. Yara masu jini a jika, abin da suka gani masassara ce ta kwana uku ko huɗu, da mura, da tari, wani ya daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci. Ya sha maganin zazzaɓi, ya miƙe. Kaɗan ne a cikinsu aka gwada.

Gaskiya ne yawancin samari sun warke sarai. Amma ba duka ba. Ku ɗauki misalin yaro ɗan ci-rani, ya baro ƙauye yana ga-ruwa a unguwannin Ɗan Agundi. Da can yakan wuni yana tura kura cike da jarkoki. Bayan masassarar, sawu biyu kawai sai ya jingina da bango yana haki, zuciya na bugawa kamar ganga, cinyoyi kamar an ɗaura musu dutse. Ya koma gida, uwa ta ce sammu ne, uba ya ce son jiki ne, abokai su ce ko ya fara shaye-shaye. Babu ko ɗaya. Yaron ba shi da lafiya ne, ko da yake ba a gani a fuskarsa.

Likitoci sun san abin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke masa iyaka a watan Oktoba na 2021. Ta ce in wata 3 ya wuce daga fara ciwon, mutum yana fama da gajiya, ko ƙarancin numfashi, ko mantuwa, abin ya kai wata 2 bai rabu da shi ba, aka kuma duba ba a sami wata cutar da za a ɗora wa laifin ba, to, wannan ita ce korona mai daɗewa. Mai ita ba ya sa wa kowa. Ku ci abinci tare da shi, ku kwana ɗaki ɗaya, ba kome.

A 2022 aka tara lissafin ƙasashe 22, aka ga wajen mutum 6 cikin 100 na waɗanda ciwon ya bayyana a jikinsu suna cikin wannan hali bayan wata 3, mata kuwa sun kusa ninka maza. Waɗanda ba su kwanta asibiti ba, abin yakan ɗauke su wajen wata 4. Cikin masu fama da shi, wajen 15 cikin 100 ne suka kai shekara bai sake su ba. Watau mafi yawa suna samun sauƙi, sai dai a hankali.

Wani zai ce ai wannan lissafin har da tsofaffi. To, ga na samari zalla. A watan Maris na 2020 ciwon ya ɓarke cikin kuratan soja 199 a ƙasar Suwizalan, yawancinsu 'yan wajen shekara 21. Abin da ya sa labarinsu ya yi amfani, an riga an auna gudunsu tun ciwon bai zo ba. Da aka sake aunawa bayan wajen kwana 45, sai aka ga juriyar waɗanda suka yi jinya ta ragu, ta sauran kuwa ba ta ragu ba. A garin Bergen na ƙasar Norwe kuma an bi sawun matasa 61, 'yan shekara 16 zuwa 30, waɗanda suka yi jinyarsu a gida. Bayan wata 6, mutum 13 suna kukan gajiya, 8 suna kukan haki. Kada kuma a ce abin Turawa ne. A Ikko an duba mutum 274 bayan an sallame su a 2020, aka tarar wajen 4 cikin 10 suna da sauran damuwa, saurin gajiya da ciwon kai su ne kan gaba, sa'an nan ciwon ƙirji.

Me ke kawo wannan? Ku tuna da maƙera. Maƙeri yana bukatar zugazugi mai kyau, da iskar da za ta isa wuta, da wutar da za ta ci gawayi. Jikin mutum haka yake. Ƙirji da huhu su ne zugazugi. Zuciya da jini su ke kai iska. Cikin tsoka kuwa akwai waɗansu ƙananan abubuwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, su ne murhun da ke ƙona abinci da iska su ba da ƙarfi. Ko wanne cikin ukun nan ya sami tangarɗa, aiki ya tsaya.

A wurin waɗanda ciwon bai kwantar da su ba, sau da yawa hoton ƙirji yakan fito lafiya lau. Zugazugin bai huje ba, yadda ake zuga shi ne ya rikice. Mutum ya saba tun yana jinya da jan numfashi sauri-sauri, ta baki, da saman ƙirji kawai, bayan ya warke jikin bai daina ba. Sai ya riƙa jin iska ba ta isarsa, yana ajiyar zuciya, ga jiri, yatsu suna tsatsa kamar tururuwa na bi. Waɗansu kuma zuciyarsu ce ke gudu da zarar sun miƙe tsaye. Ga shi kuma duk wanda ya yi makonni a kwance, tsokarsa takan saki, har da wadda ke ɗaga ƙirji.

Na uku shi ya fi wuyar ganewa, shi ne kuma ya fi jawo wa yara zargi. A 2024 likitocin Amsterdam, a ƙasar Holan, suka ba da labarin wani gwaji. Sun sa masu korona mai daɗewa su 25, da waɗansu 21 da suka warke sarai, suka tuƙa keke iya ƙarfinsu. Aka tsinki 'yar tsoka daga cinyarsu kafin tuƙin, aka sake tsinka kwana ɗaya bayansa. Tsokar masu ciwon murhunta ba ya ci sosai, bayan tuƙin kuma ya ƙara lalacewa, har aka ga rauni a naman. Wannan ya yi daidai da abin da masu ciwon ke faɗa tun da daɗewa. Yau sun yi aiki lafiya, gobe ko jibi su kasa ɗaga kai, su yi kwanaki a haka. Uban da ya ga ɗansa jiya a gona, yau yana kwance, dole ya yi zaton ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce.

Amma ku ji wannan da kyau. A ƙasarmu abubuwan da ke sa saurayi haki suna da yawa, waɗansu sun fi korona kisa, kuma suna da magani. Kada kowa ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukunci. Ya zo ɗakin shan magani a duba shi tukuna. Tarin da ya kai mako 2, ga rama, ga gumin dare, sai an gwada kaki, gama yana iya zama tarin fuka. Gwajin da maganin na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Malamin asibiti zai duba ido da tafin hannu saboda ƙarancin jini, ya gwada zazzaɓin cizon sauro, ya tambayi labarin asma da sikila. Mace mai jego kuwa, in tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, wannan ciwon zuciya ne na bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Kano. A kai ta babban asibiti a ranar. Haka duk wanda ƙirjinsa ke ciwo in ya motsa, ko ya suma, ko ya yi kaki da jini, ko yana haki alhali yana zaune.

Za ku iya taimakon malamin tun daga gida. Babban mutum in yana hutawa yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, zuciyarsa ta buga sau 60 zuwa 100. A ƙirga bugun yana kwance, a sake ƙirgawa bayan ya yi 'yan mintoci a tsaye. In ya ƙaru da 30 ko fiye, kuma ya tsaya a haka, a faɗa wa malamin.

In an duba ba a sami wata cuta ba, saura lallaɓa jiki. Na numfashi da sauƙi. Ka zauna ka saki kafaɗu, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ka ja iska ta hanci a hankali, hannun da ke ciki shi zai ɗaga, na ƙirji ya tsaya. Ka saki iskar ta baki, kana tsuke leɓe kamar mai hura koko mai zafi. Minti biyar, sau uku ko huɗu a yini. In haki ya taso maka a hanya, tsaya ka sunkuya kaɗan, ka dafa gwiwoyi ko bango har ya lafa.

Na tsoka shi ke son haƙuri. Ka fara da tafiyar da za ka iya yi kana hira ba ka sarƙe ba, ko da daga gida zuwa bakin kasuwa ne. Wanda ke Ɗan Agundi ya nufi Sabuwar Ƙofa, in ya ji nauyi ya juyo tun bai kai ba. Alƙalin abin shi ne gobe da jibi. In ka tashi garau, ka riƙe wannan gwargwado kwana 7 kafin ka ƙara kaɗan. In ka tashi a karye, ka wuce iyaka ke nan, sai ka huta, ka koma baya. Mai irin wannan faɗuwar kada ya ce zai kore ta da gudu ko ƙwallo ko ɗaga ƙarfe, zai ƙara wa kansa ne. Ya raba aikinsa gutsi-gutsi, ya huta tun bai gaji ba.

Mun sani wannan magana tana da nauyi ga wanda hannu baka hannu ƙwarya yake. Ɗan ga-ruwa in bai tura kura ba, bai ci ba. To, ya rage jarkoki, ko su haɗa kura da wani su raba abin da aka samu. Iyaye da iyayen gida, ku ba yaro aikin zaune na 'yan watanni, tsaron shago ko tsinkar gyaɗa. Yarinya ma a ɗauke mata daka da jan ruwa a rijiya. Wata uku na rangwame ya fi shekara a kwance araha.

A guji ƙwayoyin ƙarin ƙarfi na kemis da na 'yan talla. Tramadol yana rufe gajiya ne kawai, mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba, ga shi da kama mutum. Dexamethasone kuwa, da aka ji yana ceton masu korona, waɗanda aka sa wa iska a asibiti yake ceto. Mai shansa kullum ba umurnin likita, tsokar cinyarsa ce za ta ƙara narkewa. Ƙarin ruwa ma ba ya ƙara ƙarfi ga mai iya ci da sha. A bar taba da shisha, a nisanci hayaƙin itace, a rufe hanci in hunturu ya taso da ƙura.

Labaran sojan nan da na Bergen da na Ikko duk daga farkon annoba ne, allurar rigakafi ba ta zo ba. Ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, an kuma ga waɗanda aka yi wa ba su cika kamuwa da mai daɗewar ba kamar sauran. Ran 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan ciwon, amma ƙwayar ba ta ɓace ba, tana yawo cikin mura. Saboda haka saurayin da mura mai zafi ta kayar, ya huta har ta sake shi, kada ya koma aikin ƙarfi gaba ɗaya.

Wanda ya yi wata 3 yana bin wannan bai ga sauƙi ba, ya komo wurin malamin asibiti ya karɓi takarda zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, a auna zuciya da huhu, a haɗa shi da ma'aikatan gashi su tsara masa motsa jiki daidai ƙarfinsa. Ya tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, likita ya gani.