Rumbun Bayanan da ke Aljihun 'Yan Kasuwar Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya san kasuwar Ƙofar Ruwa, a ƙaramar hukumar Dala ta birnin Kano, ya san tambayar farko da mai sayar da kayan gyaran mota kan yi wa bakanike ita ce: wace irin mota ce, kuma ƙirar wace shekara? Dalili kuwa shi ne kafireton Fijo ba ya hawa injin Toyota. To, wannan matsala ita ce take addabar masu rubuta manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma a cikin wayar wannan ɗan kasuwa akwai misalin yadda aka shawo kanta.

Sunan abin SQLite. Wani ɗan ƙaramin rumbun bayanai ne da ake dasawa a cikin wasu manhajoji domin ya adana musu bayanai a tsare, ya kuma zaƙulo su idan an nema. Kowace wayar Android da iPhone tana ɗauke da shi, kuma a cikinsa WhatsApp yake ajiye saƙonnin cinikin rodi da fiston da ake aikawa kullum. Wani Ba'amurke, D. Richard Hipp, ya ƙirƙiro shi a shekarar 2000, lokacin da yake aikin wata manhaja ta jirgin yaƙin sojojin ruwan Amurka, daga baya kuma ya sadaukar da shi ga jama'a, kowa ya ɗauka ba tare da biyan ko anini ba.

An rubuta shi da yaren C, wanda ɗan Adam ke iya karantawa amma inji bai san shi ba. Sai an bi da rubutun ta wata manhaja mai aikin tafinta, ta mayar da shi yaren inji. A nan gizo ke saƙar, domin ƙwaƙwalwar ARM da ke cikin waya da ta Intel da ke cikin kwamfutar ofis ba yare ɗaya suke ji ba, haka kuma Windows da Linux kowannensu da yadda yake buɗe fayil ya kulle shi. Dabarar da aka yi ita ce keɓe duk abin da ya shafi hulɗa da babbar manhajar na'ura a sashe guda, ta yadda idan an zo sabuwar na'ura wannan sashe kaɗai za a sauya.

Dabara ta biyu ta fi ban sha'awa. Masu aikin suna rubutu ne a fayiloli fiye da 100, amma tun shekarar 2007 sukan ɗinke su wuri guda su zama fayil ɗaya tak mai suna sqlite3.c, mai layi fiye da 200,000. Mai buƙata sai ya ɗauki wannan ɗaya ya miƙa wa tafintar na'urarsa, kamar a ba bakanike inji a haɗe maimakon buhun notuna. Bugu da ƙari, da yake tafintar tana ganin rubutun gaba ɗaya, manhajar takan ƙara sauri da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A farkon 2025 ma an sauya kayan aikin da ke bincikar na'ura kafin haɗawa, aka bar Autoconf aka koma Autosetup.

Sai batun fitar da sabon bugu, wanda a ganina nan ne ainihin darasin yake. Lambar kowane bugu kashi uku ce, misali 3.49.1. Ta tsakiya tana ƙaruwa idan an kawo sabon abu, ta ƙarshe idan gyaran kuskure kawai aka yi. Ta farko kuwa, wato 3, ba ta motsa ba tun 2004, domin alkawari ce cewa fasalin fayil bai sauya ba: rumbun da aka rubuta a waccan shekara, bugun yau zai buɗe shi, ko da an ɗauke shi daga waya zuwa kwamfuta. Masu aikin sun ce suna da niyyar riƙe shi har 2050.

Cika irin wannan alkawari ba da baki ake yi ba. Bisa lissafin da suka bayar a 2023, rubutun da ke jarraba SQLite ya ninka na SQLite ɗin kansa kusan sau 590. Ana gwada shi da abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, lamarin da ba baƙo ba ne a wurinmu, ko idan ma'adana ta cika. Kafin kowane bugu ya fita, sai an bi jerin sharuɗɗa kimanin 200 ɗaya bayan ɗaya, a kan na'urori daban-daban, bisa koyi da tsarin tantance manhajar jiragen sama.

Wani abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne, ko da yake kowa na iya karanta rubutun ya kwafa, ba a karɓar gyara daga kowa. 'Yan mutane ƙalilan ne ke da ikon taɓa shi, saboda gudun kada wani ya shigar da layin da daga baya zai zo ya ce mallakarsa ne.