Iyo: Ɗumama Jiki Tukuna, Sannan Tafiya da Lissafi

Yawancin masu koyon iyo da sun faɗa ruwa sai su saki dukkan ƙarfinsu. Kafin su kai mita 50 numfashi ya sarƙe, hannu ya yi nauyi. A ruwa mai zurfi, irin wannan gajiya tana iya kai mutum ga nutsewa.

Ko gwanaye ba sa fara haka. A cibiyar wasanni ta Borteyman da ke Accra, inda aka yi gasar ninkaya ta Wasannin Afirka a Maris 2024, akwai wurin iyo na biyu da aka ware don ɗumama jiki. Tsokar da ba ta ɗumama ba tana saurin jin ciwo, musamman ta kafaɗa.

Don haka ka fara jujjuya kafaɗu a bakin ruwa, sannan ka yi iyo a hankali na minti 10, bugun zuciya ya hau kaɗan-kaɗan.

Daga nan ka yi mita 50 sau huɗu, kana hutun daƙiƙa 30 a tsakani, kana duba agogo. Idan zagayen ƙarshe ya fi na farko jinkiri, to ka yi gaggawa tun farko. Gobe ka rage. Kuma kada ka shiga ruwa kai kaɗai.